A koya wa yaranmu haɗa sifika mai dogon bututu, kafinta da mai gyaran rediyo sun isa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ku ɗan bani fili a shafin wasiƙu zanyi magana akan wani abu da nasan wasu zasu ce ai wannan ba shi ne damuwar talaka ba a wannan marra, toh ni dai ya dame ni, kuma yana cin kuɗin mutanen karkara ba tare da sun lura ba. Maganar sifika ce.

Ni sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya da 'yan MP ɗin nan na bulutut, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura nan Jigawa. Abinda yafi yawa a teburina shine sifikun robar nan masu fitila ja da kore, saurayi zai sayar da akuya ko ya tara kuɗin ƙodago yaje kasuwar Gujungu ko ya shiga Kano ya siyo ɗaya saboda an rubuta wat dubu kaza a jikin kwalin, kafin damina ta zagayo ta fara kakkarwa tana zizara, in ka kwance ta sai kaga 'yar sifika ƙarama an maƙala a cikin roba mai laushi iska na fita ta ko'ina, batir ɗin ma bai kai yatsa biyu ba. Mu a nan abu biyu kawai muke dubawa, girman jiki da ƙara. Babu mai tambaya ko muryar tana fita tas, ko zaka iya sauraro awa biyu kunnenka bai gaji ba.

Abinda nake so mutane su gane shine akwatin da ake saka sifika a ciki shi ne rabin aikin, wani lokacin ma yafi rabi. Kowa zai iya gwadawa, ka ciro sifika tsirararta ka riƙe a hannu ka kunna, zakaji murya siririya babu nauyi ko kaɗan. Dalili kuwa takardar nan ta fuskar sifika mai rawa, in ta turo iska ta gaba a daidai lokacin tana janyo iska ta baya, sai na gaban da na bayan su haɗu a gefe su kashe juna, kuma bes, wato sautin nan mai kauri da nauyi, shi ne yafi mutuwa a wannan haɗuwar. To shi akwati aikinsa kenan, ya raba su. Wasu su rufe shi ruf, wasu su huda rami su saka ɗan guntun fayif, wannan shi aka fi sani. Amma akwai hanya ta uku wadda ni ita ta kama min hankali, wato a gina doguwar hanya a bayan sifikar, bututu mai tsawo a naɗe shi cikin akwatin kamar sau biyu ko uku, a cusa masa abu mai laushi, sautin baya ya bi ta nan har ya fita ta ƙarshe. Sunansa a wajen masu abin transmishan layin.

Ba sabon abu bane. Tun shekarun 1930 wani injiniya a Amurka mai suna Benjamin Olney yake saka irin wannan lungun a cikin manyan rediyoyin kamfanin Stromberg-Carlson. Sai a 1965 wani malami a Bradford ta Ingila, Arthur Bailey, ya fitar da bayanin nasa tsarin a mujallar Wireless World, daga nan ne masu haɗa sifika a gida suka rungume shi. Har yau akwai kamfanin PMC a Ingila, wanda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi tsohon ma'aikacin BBC ne, da wannan tsarin suke ƙera sifikun da ake aiki dasu a manyan situdiyo, masu tsadar gaske. Kamfanonin da ke yin na araha basa son shi saboda yana cin katako yana cin lokaci, akwai yanka da yawa a ciki. Mu kuwa a ƙauye abinda muke dashi kenan, kafinta da lokaci.

Sirrin abin tsawo ne, kuma duk wanda ya taɓa jin kakaki a ƙofar fada ya ji sarewar makiyayi yasan wannan ba sai an faɗa masa ba, dogon bututu murya mai kauri gajere murya siririya. Lissafin ma bashi da wahala, ɗan JSS zai yi shi. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa ɗaya in yanayi na da ɗan sanyi, a zafin bazarar nan tamu yakan haura 350 kaɗan amma bambancin bai kai a damu dashi ba. Sai ka zaɓi inda kake so bes ɗinka ya sauka, misali 60Hz, ma'ana takardar tana kai da komowa sau 60 a daƙiƙa. Ka raba 343 da 60 zai baka mita 5.7, sai ka ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen mita 1.43. Tsawon bututunka kenan. In 80Hz kake so mita ɗaya da 'yan kai ya isa, in kuma ka matsa sai 40Hz to sai ka haura mita biyu, akwatin ya zama ƙato ya tashi daga ƙarami. A daidai wannan sautin iskar cikin bututun ce take ɗaukar aikin, takardar sifika ta rage wahala, bes ɗin ya dinga fitowa ta bakin bututun. Shi yasa 'yar sifika mai inci 4 take bada nauyin da in baka gani da idonka ba zaka rantse akwai wata babba a ɓoye.

Yanzu mita ɗaya da rabi ai bazai yiwu ka ajiye shi miƙe a ɗaki ba, sai a naɗe. Yadda nake yi, akwati mai tsayin santimita 50, faɗinsa ta ciki 13, zurfi wajen 25, sai a saka allo biyu a ciki su raba shi hanya uku. Hanyar farko tana gaba, a toshe take ta ƙasa, ta hau sama, ta juya ta sauko ta tsakiya, ta sake juyawa ta hau ta baya, bakin ya fita ta bayan akwatin can sama. Kuma ba'a yin hanyar da faɗi ɗaya, ana farawa da faɗi a dinga tsukewa, ta farko zurfin santimita 11, ta tsakiya 7, ta ƙarshe 4, yadda bakin fitar zai zo kusan daidai da faɗin takardar sifikar wadda a inci 4 bata wuce murabba'in santimita 50 ba. Wannan tsukewar tana sa bututun yayi kamar yafi tsawonsa, bes ya ƙara sauka. Ita kuma sifikar ba'a manna ta a can ƙarshen da aka toshe, ana matso da ita kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon hanyar, kaga a wannan tsarin sai ta faɗo daidai saman fuskar akwatin inda dama nan ake so ta zauna. Akwai dalili. Bututu baya amsawa a 60 kaɗai, yana amsawa a ninki uku da ninki biyar, wato wajen 180 da 300, kuma waɗannan su ne suke sa murya ta dinga gunji kamar daga cikin rami ake magana. Matso da sifikar yana rage na ninki ukun sosai, sauran kuma abin cusawa ne zai shanye su.

Maganar abin cusawa nan ne nafi daɗewa ina gwaji, kuma nan ne kunne yake aiki fiye da tef ɗin awo. Shi Bailey ulu yayi amfani dashi mai dogon zare. Tumakinmu kuwa, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi garesu ba ulu ba, don haka wannan babu shi a wajenmu sai dai in mutum zai warware tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo. Audugar gona tana yi amma tana shan laima ta dunƙule da damina. Audugar rimi irin ta matashin kai tana da kyau a kunne, sai dai tana zubowa ƙasa a hankali kuma bata da wasa da wuta, in amfilifaya a cikin akwatin zaka saka ka nisance ta. Wanda yafi min shine farin faiban nan da masu ɗinkin filo suke cusawa, baya ruɓewa ƙwari basa cinsa. Soson katifa kuma sai ka gwada tukuna, ka kara a baki ka hura, in iska bata ratsawa bashi da amfani toshe hanya kawai zaiyi. Ana yagar faiban ne ya tashi fuka-fuka, a cika hanyar farko da rabin ta tsakiya sama-sama ba dannawa ba, a bar ta ƙarshe wayam, a tare shi da guntun gidan sauro da 'yan ƙananan ƙusoshi kar ya zame. In ka cusa da yawa bes ya gudu, in yayi kaɗan gunjin nan ya dawo. Shi yasa gefe ɗaya na akwatin ba'a sa masa gam sai an gama, ana ɗaure shi da sukuru a shimfiɗa yankan robar tayar keke a tsakani ta hana iska fita, ka kunna ka saurara ka kwance ka rage ko ka ƙara har sai muryar mai karanta labarai ta fito kamar yana zaune a gabanka.

Katako kuwa filawud mai kaurin milimita 12 ya wadatar a wannan girman, 'yan katako na Na'ibawa akwai shi, kuma sau da yawa ragowar da kafinta ya yar bayan ya gama wadirof ta isa a fitar da guda biyu. MDF, allon nan na garin katako da aka danne, yana da daɗin yanka amma ɗakin ƙasa da damina in ya sha laima kumbura yake. Silin bod kuma kar ma a fara, rawa yake yi da sautin. Kafintan da muke aiki tare, dattijo ne da ya shekara yana ƙofa da taga da gadon amare, ranar da na kai masa zanen ya daɗe yana juya takardar yana bin hanyar da yatsa, sai yace wato iskar nan so kake ta yi tafiya kafin ta fita, nace haka ne Baba, yace to in haka ne ko ƙofar allura bata kamata ta samu ba. Ya yanka allunan da zarton hannu ya goge bakinsu har suka zauna babu haske a tsakani, sannan ya kwaɓa garin katako da farin gam ya bi kowace kusurwa da ɗan yatsa yana shafewa, a wajen kwanar ma ya ƙara 'yan guntaye a karkace don kar iskar ta dinga cin karo. Ban gaya masa ko ɗaya daga ciki ba. Kuma gaskiyarsa, in allon tsakiya yana yoyo sautin yanke hanya zaiyi, duk lissafin mita 1.43 ɗin nan ya tashi a banza.

Sai zaɓen ita sifikar kanta. Kowacce tana da inda take rawa da kanta, kuma kusa da nan ya kamata a auna bututun, bazaka ɗauko wadda ƙarfinta ya tsaya a 150Hz kace sai ta baka 50 ba. Na cikin tsohuwar talabijin masu siffar ƙwai yawanci basa sauka ƙasa. Na tsofaffin rediyo kaset manya da na hom tiyata da suka mutu da na ƙofar mota, waɗanda gefen takardarsu roba ce mai laushi, su sukafi dacewa, in sabuwa ake so kuma Sabon Gari a Kano akwai su kala-kala. Gane inda take rawa ba wuya, akwai manhajojin waya na kyauta masu fitar da sauti ɗaya tak a lambar da ka zaɓa, ka haɗa da amfilifaya ka jera resisto mai om 100 a layin, ka ɗora mitar gwaji a ƙafafun sifikar tana a fili ba cikin akwati ba, ka dinga sauko da lambar a hankali daga 150, inda mitar ta nuna mafi yawa to nan ne. Masu inci 4 galibi tsakanin 60 da 100 suke faɗawa. Wanda yake da kwamfuta akwai manhajar Hornresp da wani mutumin Ostireliya David McBean ya rubuta ya sake ta kyauta, tana nuna maka yadda akwatin zai yi kafin ka yanka katako ko ɗaya. Kuma in guda biyu ka haɗa ka ɗauki batirin tocila ka taɓa wayoyin kaga takardar ta turo waje ko ta shige, dole su biyun su tafi gefe ɗaya, in ɗaya ta saɓa bes ɗin zai ɓace kayi ta zargin akwati.

Abinda yasa nace wannan namu ne mu mutanen karkara shine wuta. Wutar NEPA a wajenmu sai dai labari, kowa sola yake lallaɓawa da ɗan batir mai 12V. 'Yan allunan amfilifaya na zamani irin TPA3116 suna tashi da 12V ɗin nan basa zafi basa shan batir, akwai ma ƙaramin PAM8403 mai wat uku-uku da fawa bank ma zai ɗauke shi, ka haɗa da allon bulutut mai karɓar memori shikenan. A ɗaki wat biyu zuwa biyar na gaskiya sun isa mutum har maƙwabci yaji. Mutane basu san cewa in ka ninka wat sau biyu ƙarar da zata ƙaru 'yar kaɗan ce ba, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne yaji kamar ta ninku, don haka tseren wat ɗin nan da ake yi asarar kuɗi ce da asarar batir. Gara ka gyara akwati.

Kuma ba maganar kiɗa kaɗai nake ba. Muryar namiji babba tushenta yana tsakanin 85 da 180Hz ne, daidai inda 'yan MP ɗin roba suke yankewa, shi yasa zakaji ƙira'a ko tafsiri ko labaran safe suna fitowa ta hanci, dattijo yayi ta cewa a ƙaro murya alhali ba ƙara ce ta gaza ba, nauyin muryar ne babu. Akwatin farko da na kai wa wata makarantar islamiyya a nan kusa don saka wa yara ƙira'a, malamin cewa yayi yanzu yana jin banbancin haruffan da a da suke cakuɗewa, kuma ko rabin ƙarar bai buɗe ba. In kuma kalangu ne ko ganga ko gurmi zakaji fatar tana amsawa. Wannan jin daɗin bai kamata ace sai mai kuɗin birni ba.

Amma kar wani yaji wannan yaje ya haɗa don gidan biki ko saman masallaci. Ba aikinta bane. Fili yana son hon, wato lasifikar nan mai buɗaɗɗen baki, da manyan akwatuna, wannan ta ɗaki ce da shago da aji da zaure, in ka matsa mata sai ta kai ƙarar DJ kwayil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin sifikar, zai ƙone. Sannan akwai abokan zamanmu, gara da ɓera da zanzaro, shi zanzaro in ya samu bakin bututun a buɗe gini zai yi a ciki, ɓera kuma faiban ne zai kwashe yayi sheƙa. A rufe bakin da ragar waya irin ta taga, a shafa wa katakon fenti ko banish ciki da waje, a ɗora akwatin kan benci ko kanta kar ya zauna a ƙasa, lokacin hunturu a yafa masa ƙyalle in ba'a amfani dashi. Tunda bakin ta baya yake a bar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango, in ka matsar dashi kusurwar ɗaki bes zai ƙaru, in yayi yawa ka janyo shi.

Toh Edita kirana a nan yake. Muna da makarantun fasaha a Wudil da Bagauda da Ungogo, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta Binyaminu Usman a Haɗejia, ga cibiyoyin koyon sana'a da ake buɗewa a ƙananan hukumomi. Ina roƙon malamansu su duba wannan a matsayin aikin gwaji na ɗalibai, domin abu ɗaya ne da ya haɗa kafinta da lantarki da lissafi da kimiyyar sauti, yaro zai raba 343 da 60 da hannunsa ya yanka katako akan amsar sannan yaji sakamakon da kunnensa, in yayi kuskure ma kunnen ne zai gaya masa. A haɗa ɗan ajin kafinta da ɗan ajin lantarki su fitar da guda biyu kafin ƙarshen zango. Masu rabon kayan tallafi ga matasa suma in an bada zarto da abin huda katako da ayan ɗin dalma da mitar gwaji, yara biyu a ƙauye zasu iya buɗe shago, kuma abinda suka haɗa in ya lalace a nan za'a gyara, sifika ta ƙone a canza ta da sukuru huɗu, allon amfilifaya ya mutu a cire a saka wani, akwatin yana nan shekara da shekaru. Na robar nan kuwa in ya fashe sai bola.

'Yan uwana masu gyara kuma dan Allah mu daina zubar da sifikun da muke cirewa daga kayan da suka mutu ko mu sayar wa 'yan gwangwan a kilo saboda maganaɗisun jiki, mu dinga gwada su tukuna, da yawansu lafiyarsu ƙalau. Kafintoci kuma ku daina hura wuta da ragowar filawud.

In kun ga da amfani ku bani dama a fitowa ta gaba in aiko da zanen akwatin da awon kowane allo, na mai inci 4 da na mai inci 6 da rabi irin na ƙofar mota, ku buga shi yadda kafinta zai iya yankewa ya manna a bangon shagonsa.

Nagode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
wani mai gyaran rediyo daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa.